Ba a fafe gora ranar tafiya: wa zai ce saurayin Adar ya isa shiga gudun fanfalaki?

Tun daga shekarar 2016, birnin Legas kan rufe manyan titunansa safiya guda a shekara, galibi cikin watan Fabrairu, domin gudun fanfalaki, wato tseren nan na kilomita 42 da mita 195. Cikin masu tsayawa bakin titi suna kallo ba a rasa ƴan cin ranin Adar, masu shayi da masu gadi da ƴan ga-ruwa, waɗanda suka baro Deule da Buza da Keita da Madawa bayan an yi girbi. Da idanunsu sukan ga ƴan Kenya da ƴan Habasha, siraran mutane da ba su fi su ƙira ba, suna wucewa ta babbar gadar birnin, bayan awa biyu da ƴan mintoci kuma a miƙa wa na farkonsu kyautar da a shekarun farko ta kai dalar Amurka 50,000. Labarin yakan riga su isowa gida ta wayar salula. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan saurayin da ya saba hawa da gangarar duwatsun Deule ya tambayi kansa: shin me zai hana shi ma ya gwada?

Tambayar halal ce, kuma bai kamata kowa ya yi mata dariya ba. Amma akwai wata da ta riga ta, wadda ba a cika yi ba: yaushe ne sabon mai gudu ya isa ya shiga tserensa na farko, kuma wane ne ke da hurumin faɗin haka? Amsar da ta dace ita ce, ba zuciyar saurayin ba ce ke yanke wannan hukunci, ba girman kyautar ba ne, ba kuma son ran wanda ya shirya bikin ba. Jiki ne ke yanke shi, bisa shaidar watanni da aka ƙirga, da sa hannun likita, da idon mai horarwa. Duk wanda ya tsallake waɗannan ya tura yaro kan titi, to da ran ɗan wani yake caca.

Abin da nisan yake yi wa jiki

Domin mai karatu ya auna, kilomita 42 ya yi kusa da nisan da ke tsakanin Madawa da Galmi. An fara yin tseren da wannan tsawo daidai a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921. A tseren na 1908 ɗin ma, ɗan Italiya Dorando Pietri ya shigo filin wasa yana kan gaba, ya yi ta faɗuwa ana tada shi, har alƙalai suka tallafe shi ya ƙetare layi, daga baya aka soke nasararsa. Tun ranar farko ke nan nisan ya nuna halinsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jiki yana ajiye wani makamashi mai saurin ƙonewa a cikin hanta da tsoka, kuma ajiyar ba ta cika kai mutum fiye da kilomita 30 zuwa 35 ba. Idan ta ƙare, ƙafa takan yi nauyi, ido ya yi duhu, tunani ya dagule. Wanda ya yi horo ya koya wa jikinsa tsimin wannan ajiya da ƙona kitse tare da ita. Wanda bai yi ba yakan cinye guzurinsa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Bugu da ƙari, mai gudu yakan zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a kowace awa, ko fiye in rana ta yi zafi. Sannan zuciya da huhu sukan saba da wahala cikin ƴan makonni, alhali ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Nan ne tarkon yake: saurayi ya yi wata biyu yana gudu, ya ga numfashinsa ya daina sarƙewa, ya ɗauka ya shirya, ashe ƙashin ƙwaurinsa da gwiwarsa ba su san da maganar ba.

Sai batun zafi, wanda a jahar Tawa shi ne babban alƙali. A Olamfik na Istokholm a 1912, wani kafinta ɗan Fotugal mai suna Francisco Lázaro ya faɗi wajen kilomita 30, washegari ya rasu. Kusan rabin waɗanda suka tashi tseren ba su ƙarasa ba, alhali zafin ranar bai kama ƙafar na Buza a watan Afrilu ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, sai da aka jira tsakar dare kafin a saki mata, amma cikin 68 da suka tashi, 28 sun tsaya a hanya, kuma dukkansu ƙwararru ne. Saboda tsoron zafi ne aka ɗauke tseren Olamfik na Tokiyo aka kai shi Sapporo, can arewacin Japan, a 2021. In ƙasashe masu jiragen ɗaukar marasa lafiya suna tsoron digiri 30 da ƴan kai, me za a ce da ƙasar da ma'aunin zafi ke wuce 40 a bazara?

Ƙarfin noma daban, shirin tsere daban

Hujja ta farko da masu gaggawa kan kawo ita ce, mutumin Adar ba rago ba ne. Gaskiya ne. Yaron da ya tashi yana kora bisashe kan fako, yana cin kasuwar ƙauye da ƙafa, yana huɗa daga hantsi zuwa azahar, ya fi ɗan birni jimiri nesa ba kusa ba. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka, tun da aka soma aikin raya karkara na Keita a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, ba sa bukatar kowa ya koya musu ma'anar juriya. Wannan jari ne babba, kuma shi ne dalilin da ya sa bai kamata a fid da rai ga samun gwanayen gudu daga wannan yanki ba.

Amma jari ba riba ba ne. Mai tafiya kasuwa yakan tsaya gindin itace, ya sha fura, ya jira rana ta yi sanyi. Mai tsere ba ya tsayawa, kuma kowane taku yana dukan ƙasa da ninki biyu ko uku na nauyin jikinsa, sau dubbai, bisa kwalta mai zafi. Ƙarfin da aka samu a gona ba ya zama shirin tsere sai an juya shi, kamar yadda gero a rumbu ba ya zama tuwo sai an sussuka an daka.

Waɗanda ake kafa hujja da su ma ba haka kawai suka faɗo ba. Ana yawan ambaton Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren Rum a 1960 ba takalmi, kamar wanda aka ɗauko daga jeji aka saka a layi. Alhali soja ne cikin dogaran Sarki Haile Selassie, yana ƙarƙashin mai horarwa ɗan Suwidin, Onni Niskanen, kuma ya riga ya yi wannan nisa a Addis Ababa kafin ya tafi Rum. Eliud Kipchoge na Kenya ya zama zakaran duniya na mita 5,000 a Paris a 2003, amma bai shiga gudun fanfalakinsa na farko ba sai a Hambug a 2013, shekaru goma cur bayan haka. Sannan ne ya ci zinariyar Olamfik a 2016 da 2021. Ko marigayi Kelvin Kiptum, wanda ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, sai da ya shafe shekaru yana tseren rabin zango kafin ya gwada cikakken nisan a ƙarshen 2022. Nijar ma tana da nata misalin: Abdou Manzo ya ɗauki tutar ƙasa a gudun fanfalaki na Olamfik a Seul a 1988, ya kuma ƙarasa. Abin da ɗan ƙasa ya yi jiya, wani zai iya yi gobe, in an bi hanya.

Sharuɗɗa biyar

To wace ce hanyar? Masana harkar ba su saɓa sosai ba, kuma abin da suka yi ittifaƙi a kai ana iya taƙaita shi cikin sharuɗɗa biyar.

Na farko shekaru. Manyan tseren duniya, irin na Landan da Boston, ba sa karɓar wanda bai cika 18 ba. A Faransa ma sai mai shekara 20. Ƙashin da bai gama girma ba ba a ɗora masa wannan kaya. A yankin da yara da yawa ba su da takardar haihuwa, wannan sharaɗi yana bukatar gaskiyar iyaye da ta masu gari.

Na biyu likita. A auna jini, a saurari zuciya, a tambayi saurayi ko ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana aiki, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a danginsu. A duba ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro kan bari bayan damina, musamman ga ƴan mata. A kuma san rukunin jininsa game da amosanin jini, wato sikila, domin a Nijar wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da irin cutar ba tare da ya sani ba. Mai ɗauke da iri ba marar lafiya ba ne, ba a kuma hana shi wasa. Amma in aka haɗa masa matsananciyar wahala da zafi da ƙishirwa, haɗarinsa ya fi na saura. Don haka ne manyan jami'o'in Amurka suka soma neman ƴan wasansu su yi wannan gwaji tun 2010. Wanda ya tashi daga zazzaɓi kuwa, ko da ya biya kuɗin shiga, sai ya haƙura da tseren bana.

Na uku tushe. Aƙalla shekara guda yana gudu sau uku ko huɗu a mako, ba fashi mai tsawo, ba ciwon da ya kwantar da shi. Ba maganar baki ba: a samu littafi, a rubuta rana da nisa da lokaci.

Na huɗu matakai. Ya yi tseren kilomita 5, ya yi na 10, ya yi na 21, ya ƙare kowanne da ƙafarsa, da hankalinsa. Bayan haka ya shiga shiri na musamman na makonni 16 zuwa 20, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, har ya kai yana yin kilomita 50 ko 60 a mako, ya kuma yi doguwar fita ta kusan kilomita 30 sau biyu ko uku. Alamar shiri ba ita ce ya iya kammala kilomita 30 ɗin ba. Alamar ita ce, bayan kwana biyu ya tashi ya kama aikinsa ba ya ɗingishi.

Na biyar ciki da lokaci. Wanda ke cin abinci sau ɗaya a yini ba shi da abin da zai ƙona. A Adar, lokacin da rumbu ya yi ƙasa shi ne lokacin da gona ke neman ƙarfin kowa, saboda haka shiri mai nauyi sai bayan kaka, tsere kuma sai cikin sanyin Disamba ko Janairu, da asuba, a ranar da ƙurar hunturu ba ta rufe gari ba. Ba a yin sa da bazara, ba a kuma yin sa da azumi a baki. Sai a ƙara da abin da kowa ya sani amma ake jin nauyin faɗa: ƙwayar taramol, wadda ta zama abokiyar aikin ƙarfi a tasha da kasuwa. Ciwo ƙararrawa ce da jiki ke kaɗawa; mai shan taramol ya cire ƙararrawar ne, bai kashe gobarar ba. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Waɗannan sharuɗɗa ba na talaka ba ne kaɗai. Ma'aikacin da ya shekara ashirin kan kujerar ofis, likita ya tsorata shi da hawan jini ko ciwon suga, ya sayi takalmi mai tsada ya ce shi ma bana zai yi kilomita 42, ya fi saurayin Deule kusa da haɗari, domin bayan shekara 35 zuwa 40 toshewar hanyoyin jinin zuciya ita ce kan gaba wajen kayar da masu gudu. Muƙami ba ya rage ko mita guda daga nisan.

Darasin da ke filin kokowa

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi: ina likitan, ina mai horarwar? Gidan likitan ƙauye da ke fama da mata masu haihuwa da yara masu tamowa, shi za a ɗora wa auna ƴan gudu? Hujja ta uku kuma ta fi ciwo: saurayin da ba shi da aiki, shekara guda ta jira a wurinsa ba ƙaramar magana ba ce, kuɗin kyautar yake gani.

Babu mai musun waɗannan. Sai dai ƙarshen da ake kai su ba daidai ba ne. In babu likita, abin da ya kamata a fasa shi ne dogon tsere, ba gwajin ba. In saurayi yana bukatar kuɗi, to targaɗe da ciwon ƙoda ba za su ba shi ba. Za su dai hana shi noman baɗi, su kuma ci ɗan abin da iyayensa suka tara. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba ya fita.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa tsarin matakai baƙo ne a ƙasar nan. A garin Tawa aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko. Tun daga lokacin, ba a taɓa jin wani ya taso daga dandalin ƙauye ya faɗa filin takobi kai tsaye don kawai yana jin ƙarfi ba. Sai ya yi kaye a garinsu, ya yi a gunduma, ya yi a jaha, sannan a zaɓe shi cikin goman da za su wakilci jahar, a kuma killace su a ciyar da su kafin ranar. Jama'ar da ta yarda da wannan tsari ga wasan mintoci, me zai sa ta ƙi shi ga wasan awa uku ko huɗu? Haka kuma lambobin Olamfik biyu da Nijar ta samu, tagullar Issaka Dabore a damben 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taikwando a 2016, ba ranar biki aka ƙera su ba.

Manomin Maggiya ma ya san wannan karatu. Layukan itatuwan kare iska da aka soma dasawa a kwarin a 1975, shekaru aka yi ana tsaron su daga bakin awaki kafin a ci moriyarsu. Mai albasa a Madawa ya san sai an yi reno, an yi dashe, an jira ganye ya kwanta. Wadda aka tuge ɗanya ba ta zama a rudu, ruɓewa take yi, ta kuma ruɓar da na kusa da ita.

Kira ga masu kuɗi da masu sa hannu

Cutar da ta daɗe tana damun harkar wasanni a ƙasar nan ita ce son biki da ƙin tushe. Ana iya samun kuɗin riguna da na makaɗa da na rumfar manyan baƙi cikin mako guda, amma a rasa na agogon auna gudu guda ɗaya. Nijar ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a 2005, Tawa ta yi bikinta na Sakola a Disambar 2017. Gine-gine sun tashi, an yi tafi, an watse. Abin tambaya bayan kowane irin wannan biki shi ne, yara nawa ne suka ci gaba da gudu a watan da ya biyo baya, kuma wa ke riƙe da sunayensu?

Ga ƴan kasuwa, musamman dillalan albasa da masu motocin sufuri waɗanda su ne kan sa kyauta: kuɗin da za a zuba kan dogon tsere guda don suna, gara a raba shi kan gajerun tsere na kilomita 5 da 10 a Deule da Buza da Keita da Madawa, duk shekara cikin sanyi, a haɗa da buhun gero da takalmi ga waɗanda suka yi fice, a kuma biya musu kuɗin gwajin jini. Ɗan kasuwar da ba ya ba da bashi sai ya ga shaida, bai kamata ya sa kyauta kan ran da ba a auna ba.

Ga ma'aikata: malaman motsa jiki da ke kwalejojin gundumomin nan uku su ne masu horarwar da ake cewa babu. A ba su izini da ɗan abin aiki, su buɗe rajista, kowane mai gudu da katinsa mai ɗauke da shekarunsa da sakamakon likita da tseren da ya kammala. Asibitocin gunduma su ware rana guda kafin lokacin tsere. Hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa ta fitar da ƙa'ida a rubuce, da Hausa da Faransanci. Duk jami'in da aka kawo wa takardar neman izinin dogon tsere kuma, kafin ya sa hannu ya tambaya: ƙarfe nawa za a tashi? Akwai ruwa a kowane kilomita 5, kamar yadda ƙa'idar duniya ta tanada? Ina motar ɗaukar marasa lafiya? Ina randunan ruwan sanyi da za a tsoma wanda zafi ya buge, tun da mintocin farko su ne ke raba rai da mutuwa? Wa ke da ikon cire ɗan tsere daga hanya ko da yana kan gaba? In amsoshin ba su cika ba, alƙalami ya koma aljihu, ko da wane ne uban bikin.

Ga saurayin kuwa, maganar gajera ce. Wanda ya ce masa bai isa ba bana, ba maƙiyinsa ba ne. Maƙiyinsa shi ne mai zuga shi daga inuwa. Titin Legas ba zai gudu ba, baɗi yana nan, baɗin baɗaɗa ma yana nan. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da littafinsa ya cika, likita ya sa hannu, malaminsa ya gyaɗa kai, ranar ce ya isa, kuma ranar ce Adar za ta raka shi tasha da alfahari, ta kuma tarbe shi ya dawo da ƙafarsa. Allah ya sa masu kunne su ji.